Jagora ga Ɗalibin Makarantar Kasuwanci: Yadda Ake Koyon Abin da Ba a Koyarwa a Aji

Makon farko a makarantar koyon kasuwanci, ko digirin farko ake yi ko MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, cike yake da kiraye-kiraye. Ƙungiyoyin ɗalibai na neman mambobi, kamfanoni na zuwa tallata kansu, ga sanarwar gasa, ga laccocin manyan baƙi. Sabon ɗalibi yakan rubuta sunansa a wuri takwas ko goma don gudun kada wani alheri ya wuce shi. Kafin zangon karatu ya raba, sai ka same shi yana shiga taro a makare, yana fita kafin a tashi, bai karanta darasin gobe ba, kuma babu aiki ɗaya da zai nuna ya ce shi ya yi.

Halartar abu ba ita ce koyo ba. Abin da kake yi a wajen aji yana zama ilimi ne idan ya cika sharuɗɗa uku: akwai nauyin da ke wuyanka kai kaɗai, akwai wanda ke jiran sakamakon kuma yana da ikon cewa aikin bai yi ba, sannan ka zauna daga baya ka duba abin da ya faru. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan ukun aka gina su.

Dalilin da ya sa wannan fanni ya fi wasu buƙatar hakan shi ne, kasuwanci sana'a ce ta yanke shawara alhali bayanan da ke hannu ba su cika ba. Makarantu sun daɗe da gane wannan. Makarantar Kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908, ta rungumi koyarwa ta hanyar nazarin matsalolin kamfanoni na gaske tun farkon shekarun 1920, a zamanin shugabanta Wallace Donham, wanda ya ɗauko salon daga makarantar koyon shari'a. A yau ɗalibinta yakan nazarci matsala kusan 500 cikin shekara biyu. Amma ko wannan salon yana da iyaka. Matsalar tana zuwa ne a rubuce, an riga an tattaro alƙaluman, an shirya jadawali a bayan takarda, kuma in shawararka ta kasance kuskure ba wanda zai yi asara. A wajen aji ne za ka nemi alƙaluman da kanka, a hana ka, ka sake nema.

Mataki na farko: ƙirga awanninka kafin ka ɗauki alƙawari

Mako awa 168 ne. Ɗauki takarda ka cire abin da ba ya ɗaguwa. Ga misali na ɗalibin da karatu kaɗai ya sa a gaba: barci awa 52, wato wajen bakwai da rabi kowane dare, cin abinci, wanka, ibada, zirga-zirga da hidimar iyali awa 30, zaman aji awa 18, shirin darasi da aikin gida awa 27, aikin rukuni awa 10, neman aiki ko wurin horo awa 8, motsa jiki da hutu awa 10. Abin da ya rage awa 13 ne. Naka lissafin zai bambanta, musamman idan kana aiki ko kana da yara, amma da wuya ragowar ta yi yawa kamar yadda kake zato. Wannan ragowar ita ce duk jarin da kake da shi na ƙungiya, gasa da ganin mutane.

Kada ka ciro ƙarin lokaci daga barci. Masana lafiya sun yi ittifaƙi cewa baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma wanda bai yi barci ba shi ne zai zauna a aji ya kasa bin zaren muhawara, a makarantun da shiga muhawara ke ɗaukar kaso mai tsoka na maki.

Sannan duk aikin da aka ce maka zai ci awa uku a mako, ka rubuta biyar. Masana halayyar ɗan'adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a ta ɗan'adam tun 1979: muna rage wa aikinmu lokaci idan muna hasashe. Wani bincike da aka wallafa a 1994 kan ɗalibai a Kanada ya nuna sun yi hasashen kammala kundin digirinsu cikin kimanin kwana 34, amma suka ɗauki kimanin kwana 55.

Mataki na biyu: zaɓi abu ɗaya babba da ɗaya ƙarami

Zaɓin ya taso daga giɓin da ke tattare da kai, ba daga ƙungiyar da ta fi suna ba. Hanya mafi sauƙi ta gano giɓin ita ce ka nemo sanarwar guraben aiki guda goma na irin aikin da kake buri, ka karanta su, ka fitar da ƙwarewar da ake ta maimaitawa. A gaban kowacce ka rubuta hujjar da kake da ita: wane aiki ka taɓa yi da ke tabbatar da ita? Inda ka rasa abin rubutawa, nan ne giɓinka. Wanda ya fito daga aikin injiniya sau da yawa lissafi ba ya ba shi wahala, amma bai taɓa shawo kan mutum ya saki kuɗinsa ba. Wanda ya fito daga tallace-tallace yana da baki, amma a ba shi manhajar lissafi ta Excel a ce ya gina hasashen shige da ficen kuɗi na shekara uku, sai ya tsaya.

Abu babba shi ne wanda za ka riƙe nauyi a cikinsa, zai ci awa shida zuwa takwas a mako. Ƙaramin kuwa don buɗe ido ne, ko don jin daɗi zalla: wasanni, waƙe, aikin sa-kai. Kada ka raina shi. Abokantakar da ta fi ɗorewa sau da yawa a can ake ƙulla ta, inda ba wanda ke neman wani abu a wurin wani.

Kafin ka shiga ƙungiya, nemi wanda ya riƙe muƙami a cikinta bara ka yi masa tambaya huɗu. Me kuka aiwatar bara wanda wani na waje ya gani? Nawa ne kasafin kuɗinku kuma wa ke sa hannu? Mutum nawa ne suke aikin da gaske? Shin kun bar wa magadanku bayanan miƙa mulki a rubuce? Idan amsar ta tsaya ga tarurruka da hotuna, ka wuce. Ƙungiyoyi masu rassa a ƙasashe da dama, irin su AIESEC da aka kafa a 1948, da Enactus wadda a da ake kira SIFE, suna da tsari da aka gada, amma ingancin reshe ya danganta ne da mutanen da ke riƙe da shi a wannan shekarar. Reshen za ka bincika, ba sunan ba.

Mataki na uku: gyara rukunin karatunka tun makon farko

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke fara ɗanɗana shugabanci na gaske, domin babu wanda yake gaba da wani, ba ka da ikon korar kowa, kuma makinku ɗaya. Makarantu da dama da gangan suke haɗa mutum biyar ko shida da suka bambanta a sana'a da ƙasa da harshe. Rikici a irin wannan rukuni ba alamar lalacewa ba ce. Masanin halayyar ɗan'adam Bruce Tuckman ya zayyana a 1965 cewa rukuni yakan fara da ladabi da taka-tsantsan, ya shiga saɓani, sannan ya daidaita ƙa'idojinsa kafin ya fara aiki sosai. Matsalar ita ce rukunin da ya maƙale a matakin ladabi, kowa na cizon yatsa a ɓoye har daren da za a miƙa aiki.

A zamanku na farko ku rubuta yarjejeniya shafi ɗaya. Ta ƙunshi ranaku da lokutan haɗuwa, minti nawa za a jira wanda ya makara kafin a fara, cikin awa nawa ake amsa saƙo, da kuma yadda za a yanke shawara in an kasa cimma matsaya. Akwai tambaya ɗaya da ake jin nauyin yi, kuma ita ce ta fi muhimmanci: wane maki kowa yake nema? Wani yana son ya fito zakara, wani kuwa cin jarrabawa ya ishe shi domin hankalinsa na kan neman aiki ko kamfanin da yake kafawa. Duka biyun halas ne. Amma in ba a faɗa ba, na farko zai ga na biyu malalaci ne, na biyu kuma zai ga na farko ya cika takura.

Kowane aiki ya kasance da sunan mutum ɗaya a gabansa da ranar miƙawa. Tun 1913 wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa gwajin da ya yi na jan igiya, inda ya ga ƙarfin da kowane mutum ke sawa yana raguwa gwargwadon ƙaruwar masu ja. Idan ba a iya gane gudummawar mutum, sai ya sassauta, ko da bai yi niyya ba. Shi ya sa "mu duka za mu duba" yake nufin ba wanda zai duba.

Sai kuma kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ya fi cutarwa domin kamar dabara yake: a ba kowa abin da ya riga ya iya. Akanta ya yi lissafi, mai iya magana ya gabatar, mai iya zane ya tsara shafuka. Makin zai yi kyau, amma bayan shekara guda kowa zai fita kamar yadda ya shigo. Gyaran shi ne a haɗa mutum biyu a kan kowane sashe, wanda bai iya ba ya riƙe alƙalami, gwanin ya zauna a gefe yana dubawa. Zai fi cin lokaci a ayyuka biyu na farko. Ku yi hakan a ayyukan da makinsu ba shi da nauyi, ku koma wa gwanaye a babban aiki in ya zama dole.

Ku sa wa kanku wa'adi na cikin gida awa 48 kafin na malami. Sassan da mutum biyar suka rubuta ba sa haɗuwa da kansu: adadin da ke shafi na uku zai saɓa wa na shafi na tara, shawarar ƙarshe ba za ta fito daga binciken ba. Mutum ɗaya ya karanta aikin daga farko zuwa ƙarshe ya daidaita shi, kuma a riƙa karɓa-karɓa a wannan aiki.

Idan wani ya daina kawo nasa, kada a fara da tsegumi, kada kuma a fara da kai ƙara. Mutum ɗaya ya same shi a keɓe ya faɗi abin da ya gani ba tare da fassara ba: "Sashenka bai iso ranar Talata ba, kuma sau biyu ke nan. Lafiya dai?" Sau da yawa akwai dalili, rashin lafiya a gida ko kuma bai fahimci darasin ba yana jin kunyar faɗa. Amy Edmondson ta Harvard ta gano a binciken da ta yi a asibitoci cewa rukunan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi bayyana kurakuransu, domin mambobinsu ba sa tsoron magana. Rukunin da mutum zai iya cewa "ban gane ba" ya fi saurin gyaruwa. In an yi magana sau biyu ba a ga canji ba, sai a sanar da malami tun da sauran lokaci, tare da nuna rabon aikin da aka rubuta.

Mataki na huɗu: riƙe aikin da kuɗi ke ciki

A ƙungiya, muƙamin da ya fi koyarwa ba lallai ne shugaba ba. Ma'aji, mai neman masu ɗaukar nauyi, da mai shirya babban taro su ne suke taɓa kasuwanci na zahiri. Mu ɗauki shirya taron yini ɗaya.

Fara da lissafin fitar da uwar kuɗi, kafin a zaɓi take ko a buga sanarwa. A ce, a kowane irin kuɗi kake lissafi, abubuwan da ba sa canzawa, wato zaure, na'urar sauti da buge-buge, sun kama 60,000. Kowane mahalarci yana ci muku 200, tikiti kuma 600 ne. Ribar kowane kai 400 ke nan, don haka sai mutum 150 sun biya kafin ku fita daga asara. Idan zauren mutum 160 yake ɗauka, shirin yana kan siraɗi. Amma in mai ɗaukar nauyi ya ba da 24,000, abin da ya rage 36,000 ne, mutum 90 sun wadatar. Wannan lissafi na minti biyar shi zai gaya maka cewa aikinka na farko neman mai ɗaukar nauyi ne, ba zanen fosta ba.

Daga nan sai ka tsara lokaci daga ranar taro zuwa baya. Mako goma sha biyu kafin ranar, a kama zaure a sami izinin makaranta. Mako goma, takardun neman tallafi da gayyatar masu jawabi su fita, domin kamfanoni suna da matakan amincewa da ke cin makonni, kuma da yawansu sun riga sun raba kasafin shekara. Mako shida, a buɗe sayar da tikiti. Mako biyu, a sake tabbatar da kowane mai jawabi a rubuce. Kwana ɗaya kafin taro, a gwada makirufo da majigi a cikin zauren da kansa.

Abubuwan da ke lalacewa sanannu ne. Mai jawabi yana janyewa a kwanakin ƙarshe, don haka ka tanadi malami ɗaya ko tsohon ɗalibi da ya amince ya maye gurbi. Kamfani yana yin alƙawari da baki kuɗin kuma bai shigo ba sai bayan taro, ko bai shigo ba sam. Kada ka kashe abin da ba a sa hannu a kansa ba, kuma ka tambayi ofishin kuɗi na makaranta yadda ake karɓar tallafi, domin galibi ƙungiyar ɗalibai ba ta da hurumin ƙulla yarjejeniya da kanta. Masu rajistar kyauta da yawa ba sa zuwa. Nemi alƙaluman bara ka ga nawa suka yi rajista nawa suka halarta, ka yi odar komai a kan wannan. Ka ware kashi 10 cikin 100 na kasafi don abin da ba a zata ba.

Takardar neman tallafi ta yi magana a kan abin da kamfanin zai samu: ɗalibai nawa, masu karanta me, wace dama ce ta ganawa da su. Kamfani ba ya ba da kuɗi don ƙungiyarku na buƙata. Bayan taro da mako guda, aika musu rahoto shafi ɗaya da adadin mahalarta na gaskiya, ko da bai kai yadda aka yi fata ba. Wannan rahoton ne zai buɗe wa na bayanku ƙofa baɗi.

Mataki na biyar: shiga gasa ɗaya ko biyu, da shiri

Gasar warware matsalar kamfani tana koyar da tunani cikin ƙurewar lokaci. Daga cikin tsofaffi akwai gasar John Molson da Jami'ar Concordia ke shiryawa a birnin Montreal na Kanada tun farkon shekarun 1980, inda ake ba rukunin mutum huɗu awa uku su nazarci matsala su fito da shawara. Masu sha'awar harkar hannun jari suna da gasar bincike ta CFA Institute, cibiyar ƙwararrun masu nazarin zuba jari, masu son kasuwancin da ke magance matsalar al'umma kuma suna da Hult Prize, mai kyautar dala miliyan 1. Fara da ta cikin makarantarku.

Idan awa uku aka ba ku, ga rabon da ke aiki: minti 30 kowa ya karanta shi kaɗai ba magana, minti 30 a amince a kan mece ce ainihin matsalar, a rubuta ta a jimla ɗaya, minti 20 a fitar da zaɓi uku da ma'aunin da za a auna su, minti 60 a gina lissafi da tsarin aiwatarwa, minti 20 a haɗa shafuka, minti 20 a gwada gabatarwa da agogo. Rukunan da ke faɗuwa galibi sun tsallake minti talatin na biyu ne, kowa ya kama warware matsalar da shi ya gani.

Alƙalai sun riga sun karanta matsalar, kada ku ɓata minti biyar kuna maimaita musu ita. Ku fara da shawararku, sannan dalilai, sannan hujjojin kowane dalili, salon da Barbara Minto ta koyar a kamfanin ba da shawara na McKinsey. Ku kuma guji jera ma'aunan nazari don nuna kun san su. Ma'auni irin na Michael Porter, mai duba abubuwa biyar da ke tsananta gasa a kasuwa, kayan tunani ne kawai. Abin da alƙali ke son ji shi ne nawa shawarar za ta ci, daga ina kuɗin zai fito, wa zai aiwatar, kuma me zai iya rusa ta. Ko kun ci ko ba ku ci ba, ku tsaya bayan sanarwa ku tambayi alƙali ɗaya inda hujjarku ta yi rauni.

Mataki na shida: san mutane kafin ka buƙace su

A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa mutanen da suka sami aiki ta hanyar wani, galibi ta hannun wanda ba su cika haɗuwa da shi ba ne, ba aminansu ba. Dalilin a bayyane yake: amininka abin da ka sani shi ma ya sani, na nesa kuwa yana jin labarin da bai iso da'irarka ba. Don haka 'yan ajin da ba rukuninku ɗaya ba, 'yan shekarar gaba da ku, da tsofaffin ɗalibai, su ne za ka nema.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A shirin MBA na shekara biyu, bankunan zuba jari da kamfanonin ba da shawara kan fara tantance masu neman horon bazara tun watannin farko na shekarar farko. A shirin wata goma irin na makarantar kasuwanci ta INSEAD kuwa, lokacin ya fi haka ƙuntata. Je ofishin kula da neman aiki na makarantarku a makon farko ka karɓi jadawalin.

Mutum biyu a mako sun isa. Saƙon ya zama gajere, ya nuna ka san wanda kake rubuta wa: "Yallaɓai, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a shekarar farko a makarantar da kuka gama. Na ga kun koma sashen sarrafa kaya bayan kun fara da akanta, ni ma canjin da nake son yi ke nan. Ko zan sami minti ashirin in yi muku tambayoyi uku a kai, a duk lokacin da ya dace da ku?" Kada ka haɗa da takardar CV, kada ka nemi aiki. In ba a amsa ba, tuntuɓa sau ɗaya bayan mako guda, sannan ka bari.

A ganawar, yi tambayar da ba za ka sami amsarta a shafin kamfanin ba: yaya ranar aikinku take, me ke kayar da sababbin ma'aikata a shekarar farko, da wa kuma ya kamata in yi magana? Minti ashirin na cika ka yi godiya ka tashi, sai in shi ya riƙe ka. Aika godiya cikin awa 24. Abin da mafi yawa ke mantawa shi ne komawa bayan wata ɗaya ko biyu su ce sun bi shawarar, ga abin da ya biyo baya. Wannan saƙon na biyu ne ke mai da ganawa ta zama alaƙa.

Malamai ma haka. Lokutan ganin ɗalibai a ofis galibi ba kowa sai gab da jarrabawa. Je da tambaya takamaimiya daga aikin da kake yi a waje, misali yadda za ka sa wa tikiti farashi hawa biyu.

Mataki na bakwai: horon aiki da aikin kamfani na gaske

Horon bazara yakan ɗauki mako goma zuwa goma sha biyu, kuma yana wucewa da sauri. A makon farko zauna da wanda kake ƙarƙashinsa ku rubuta abin da za ka miƙa a ƙarshe, wa zai yi amfani da shi, da yadda za a gane ya yi kyau. Nemi a duba aikinka a tsakiya, wajen mako na biyar, lokacin da gyara zai yi amfani. Tambayar "yaya nake yi?" amsarta kullum "ba laifi" ce. Ka ce: "Wane abu ɗaya ne in na canza aikin zai fi kyau?"

Idan makaranta ta haɗa ku da ƙaramin kamfani don ku ba shi shawara, babban haɗarin shi ne aikin ya yi ta faɗaɗa. An fara da nazarin farashi, sai mai kamfani ya ƙara talla, ya ƙara ɗaukar ma'aikata. Ku rubuta iyakar aikin a takarda a sa hannu. Ku nemi alƙaluman a makon farko, domin kusan kullum sukan makara ko su zo a hargitse. Ku yi magana da abokan cinikin kamfanin kai tsaye, aƙalla goma sha biyar, ku tambaye su abin da suka saya a baya da dalili, ba abin da za su so saya ba. Mutane sukan ce za su saya don kada su ba ka kunya. Bayanan kamfani kuma amana ce: kada su shiga aikin aji, ko shafukan sada zumunta, ko manhajar da ba a ba ku izini ba.

Mataki na takwas: littafin bita

Wannan ya kamata ya fara tun makon farko. Masanin harkar koyo David Kolb ya bayyana a 1984 cewa koyo daga aiki zagaye ne: a yi, a waiwaya, a fitar da darasi, a gwada shi a karo na gaba. Ɗalibai da yawa a matakin farko suke tsayawa.

Ware minti ashirin a ƙarshen kowane mako, da kuma bayan kowane babban aiki, ka amsa tambayoyi huɗun da rundunar sojan Amurka ta tsara don bitar bayan aiki: me aka yi niyya, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za a yi daban gaba. Rubuta adadi tun suna sabo: kamfani nawa aka tuntuɓa, nawa suka amsa, nawa aka tara, mutum nawa suka zo. Ranar ganawar neman aiki za a ce ka ba da labarin lokacin da ka saɓa da abokin aiki, ko lokacin da shirinka ya rushe. Wanda yake da wannan littafi zai faɗi halin da aka shiga, nauyin da ke kansa, matakin da ya ɗauka da sakamakon, da alƙaluma. Wanda ba shi da shi sai ya koma ga "na kasance mamba".

Idan kaya sun yi yawa

Alamomin su ne ka shiga aji sau biyu a mako ba ka karanta ba, barcinka ya gaza awa shida kwana da kwanaki, ko ka fara saɓa wa'adin rukuni. Fara ajiye tarurrukan da kai ɗan kallo ne kawai a cikinsu, sannan ƙaramin abin da ka zaɓa. In dole ne ka sauka daga muƙami, sanar da mako biyu kafin lokaci, ka nemo wanda zai karɓa, ka miƙa masa takarda mai ɗauke da kalmomin sirri na asusun ƙungiya, sunayen waɗanda kuke hulɗa da su a kamfanoni, kuɗin da kuke bi da wanda ake bin ku, da ranakun da ke tafe. In kuwa damuwa ta fara hana ka ci ko barci, yawancin makarantu suna da ofishin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ke riƙe sirri, kuma layinsa yakan yi tsawo gab da jarrabawa, don haka ka nemi ganinsu da wuri.